Ranar da Usurawa Suka Rasa Mata

In ka shiga Fagge ka tambayi Malam Hamzat, za a ce maka wanne daga ciki. Amma in ka ce Hamzat na Allurawa, ko mai tallan rake zai nuna maka shagonsa da baki. Wani ɗan lungu ne a bayan Bata, cike da kawunan keken ɗinki da masu su suka manta da su, da wani benci a ƙofa wanda ya fi rabin 'yan unguwar shekaru.

Ubansa tela ne, kakansa tela ne, shi ma an so ya zama tela. Sai dai ɗinkin Hamzat bai taɓa tafiya a miƙe ba. Wandon farko da ya ɗinka, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo da kusan taƙi guda. Da uban ya ɗaga wandon ya tambaye shi ko wane bawan Allah ne zai saka wannan, yaron bai ko ƙifta ido ba ya ce ai akwai wasu mutane masu zama a gangaren dutse, su zai yi wa daidai, kuma kullum gefe ɗaya suke bi in za su kasuwa. Uban ya karɓe almakashi daga hannunsa, ya miƙa masa sukundireba, ya ce ya je ya koyi gyara.

Gyaran ya karɓe shi. Da shi ya auri Muhibba, da shi ya aurar da 'ya'ya. Amma halin nan bai bar shi ba, ba ya iya ganin abu bai ƙaga masa asali da dangi ba. Sannan yana da wani hali na biyu wanda ya fi na farkon gajiyar da jama'a. Hamzat ba ya jure a ɓata Hausa, musamman a mayar da mace namiji. Yana gyara wa mai labarai a rediyo magana da ƙarfi kamar mutumin na jin sa. Saurayin da ya zo neman 'yarsa Najwa ya yi kuskure ya ce "motan", sai da aka ce ya koma gida ya sake shiri.

To irin wannan mutum Allah ya haɗa da Ernest Bawa.

Ernest ma'aikacin jirgin ƙasa ne a lokacin, mai hura usur da ɗaga tuta. An haife shi a Zariya, iyayensa daga wajen Kafanchan suka zo, aiki ya kawo shi Kano ya zauna a Sabon Gari. A wurin Hamzat duk wanda ya fito daga kudu da Kwanar Ɗangora Bazazzage ne, kuma Bazazzage abokin wasan Bakano ne, wato an halatta musu su ci mutuncin juna har abada ba mai fushi. Ernest ya sauke kan keke a kan tebur ya ce na matansa ne, shi ya ce a kawo. Hamzat ya ajiye abin da ke hannunsa ya tambaya a hankali wa ya ce. Ernest ya ce mata na. Hamzat ya ce ashe namiji ya aura.

"Ku Kanawa," in ji Ernest, "ko magana sai kun raba shi biyu don ku sayar da ɗaiɗai."

Daga ranar ya zama ɗan benci.

Duniyar da suka ƙaga a bencin ta fara ne da wata allura da ta faɗi ƙasa aka neme ta aka rasa. Hamzat ya ce a daina wahala, ta koma garinsu, Bayan Dogo, can inda layin jirgi ya ƙare. Nan take ya zayyana mutanenta. Allurawa siraran mutane ne masu ido ɗaya, idon kuma a tafin ƙafa yake, don haka in za su gaisa sai kowa ya ɗaga ƙafa ya dubi ɗan'uwansa. Ba sa zama a tabarma don zarcewa suke yi. Kowane Ba'allure yana jan danginsa a baya kamar zare, in ya shiga gidan biki sai unguwa ta biyo shi. Sarkinsu maganaɗisu ne, sau ɗaya yake fitowa a shekara, kuma ranar ba mai iya cewa yana da uzuri.

Ernest ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ya je ƙarshen dogo da ƙafarsa, kuma ba Allurawa kaɗai ke can ba. Aka ce su wa da wa. Ya ce a bari ya yi tunani, gobe. Washegari ya dawo da Usurawa, mutanen da ba su da magana sai fito, kuma sana'arsu jira. An ce wa kakanninsu wani abu yana tafe, ba a faɗa musu mene ne ba, tun daga nan suke tsaye a tasha da kayansu a ɗaure. Wanda ya fi kowa daɗewa bai tambayi ƙarfe nawa ba shi ake naɗawa sarki. Idan za su yi aure, ango ya tsaya a wannan gefen dogo, amarya a wancan, a ɗaga koriyar tuta, sai kowa ya ci gaba da jira amma yanzu tare.

Haka Ernest yake kullum. Ba ya mayar da martani a take. Ko wane irin zagi Allurawa suka yi wa Usurawa, sai ya gyaɗa kai ya ce gobe, goben kuma ya zo da amsar da za ta hana Hamzat cin abincin rana. Hamzat yakan ce kan Bazazzage kamar tukunyar fate ne, sai ya kwana yake yin daɗi.

Sauran biyun daga baya suka shigo. Alhaji Abdulƙahhar, mai sayar da kayan masarufi a kasuwar Singa, ya kawo Kwalawa, masu zama a cikin kwali. Dozin-dozin ake haifar su, ba a gaida mutum ɗaya sai kwalin gaba ɗaya, kuma kowa da ranar lalacewarsa a rubuce a goshi, abin da ya sa tsofaffinsu ba sa cire hula. Madam Ifeoma, wadda kowa ke kira Maman Kosi, mai shagon zare da maɓalli a jikin na Hamzat, haifaffiyar Sabon Gari ce da Hausarta ta fi ta Ernest nesa ba kusa ba. Ita ta kawo Zifawa, masu zif a baki. In miji da mata sun yi faɗa, wanda ya fara shafa wa ɗan'uwansa kyandir a zif shi ya nemi sulhu, wanda nasa ya maƙale gaba ɗaya kuma a ba shi alƙalanci.

Ƙa'idar bencin ba ta da yawa. Kowa da ƙabilarsa, ba ka shiga ta wani ka haifa ko ka kashe. Amma duk abin da aka faɗa a gaban shaidu, aka fasa goro aka ci a kansa, ya tabbata, ko mai ƙabilar ba ya iya janye shi. Da wannan ƙa'ida Allurawa suka taɓa kai wa Kwalawa hari da damina suka huhhuda musu rufi, Alhaji ya yi kwanaki yana wucewa ta gaban shagon ba sallama.

Abin ya daɗe har ya fara yoyo cikin gari. Wani ɗan adaidaita sahu ya rantse ya taɓa kai fasinja Bayan Dogo. Wata mata ta zo daga Kurna neman maganin Zifawa don mijinta ya cika surutu, Maman Kosi ta sayar mata da kyandir, sai daga baya ta tuna kyandir buɗe zif yake yi. Lokacin zaɓe wani mai yawon neman ƙuri'a ya zauna a bencin, ya ji ana lissafa ƙabilu, ya tambaya cikin ladabi wa ke riƙe da akwatin wannan mazaɓa. Ni dai ban ga laifinsa ba, don akwai unguwannin gaske da ba a san su kamar yadda aka san Bayan Dogo ba.

Ana nan, Ernest ya yi ritaya, gashi ya yi fari, sai Julie matarsa ta kwanta ciwo, cikin damina ta rasu. Su uku suka je gaisuwa. Hamzat bai san ta sosai ba. Ya san kekenta ciki da waje, ya san muryarta daga bayan labule tana cewa a gaida Muhibba, iyakarta ke nan. Ya yi ta'aziyya yadda ake yi, ya dawo.

Bayan wasu makonni Ernest ya dawo benci, da hularsa da lemarsa, ya zauna a wurinsa. Amma Usurawa ba su sake motsi ba. In an tambaye shi me ake ciki a tasha, sai ya ce suna jira. Da yake jira ne aikinsu, ba wanda ya kawo komai a ransa. Allurawa suka sace musu tuta, shiru. Suka toshe musu usur da zare, shiru. Ko goben nan ma ya daina cewa.

Wannan ya dami Hamzat ƙwarai, don yana son mutumin nan fiye da yadda zai taɓa yarda ya faɗa. A iya saninsa, maganin abokin wasa wasa ne, in bai ji ƙarami ba a ƙara masa babba. Ya kwana biyu yana dafa wata magana, ya gwada ta a kan Muhibba tana tsintar shinkafa. Ta ɗago ta dube shi ta ce ya bar wannan. Ya ce ita ba ta san wasan maza ba. Ta ce to, ta koma kan shinkafarta.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, bencin ya cika har da 'yan kallo. Hamzat ya miƙe kamar lauya. Ya tambayi Alhaji ko a duk shekarun nan ya taɓa jin an ce "ta" a ƙasar Usurawa. Alhaji ya yi tunani ya ce bai taɓa ba. Ya tambayi Maman Kosi, ta ce gaskiya ko amaryarsu "ya tsaya" ake cewa. Hamzat ya ce to jama'a su shaida, sarkinsu ya, amaryarsu ya, ungozomarsu ya. Ƙabilar nan ba ta da mace ko ɗaya, maza ne zalla suke tsaye a tasha, abin da suke jira tun zamanin kakanni ashe mata ne, kuma ba za su zo ba. Ya fasa goro ya raba. Aka ci ana dariya, Alhaji har ya ƙware sai da aka bubbuga masa baya.

Ernest bai karɓi goron ba. Ya dubi hannun Hamzat da ke miƙe, ya ce, "Haka ne." Ya ɗauki lemarsa ya tsallaka titi ya shige cikin 'yan kasuwar Kwari masu ɗauke da diloli.

Maman Kosi ce ta fara daina dariya. Ta ce, "Malam, wata nawa da rasuwar matar mutumin nan?" Sai a lokacin maganar ta dawo wa Hamzat ta bayan kai. Baki shi ke yanka wuya, kuma nasa ya yanka na wani.

Ernest bai zo washegari ba, bai zo jibi ba, wayarsa kuma sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Bencin ya zauna taron gaggawa. Matsalar ita ce an ci goro. Alhaji ya kawo shawarar kowa ya sa yatsa a maƙogwaro, aka ce ai ya riga ya bi jiki. Ya ce to shi zai ba Usurawa matan Kwalawa kwali guda kyauta har da gyara, Maman Kosi ta ce in ya sake faɗin haka za ta ɗinka masa zif na gaske. Aka aika a tambayi wani tsohon magatakardan kotu ko hukuncin goro yana da ɗaukaka ƙara, ya ce sai an kawo masa goron ya gani. Duk wannan Hamzat yana zaune yana kwance keken da ba abin da ya same shi yana sake ɗaurawa.

Ranar da aka ɗauki wayar, Tabitha ce, 'yar Ernest da ke aikin jinya a Kaduna. Ta gaishe shi da ladabi ta ce Baba yana nan lafiya, amma ya yarda zai bi ta Kaduna ƙarshen wata, za a saki ɗakin. Ta ce ta daɗe tana roƙonsa yana ƙi, yana cewa yana da mutane a Fagge, sai satin nan ya kira ta da kansa ya ce ta zo.

Hamzat ya ajiye wayar yana tunani. Idan Ernest ya tafi a haka, ya tafi ke nan da wannan maganar a matsayin ta ƙarshe tsakaninsu, kuma mutum mai shekarunsu ba ya cewa sai wani jiƙon. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya ce wa Maman Kosi ta duba masa shago, ya taka da ƙafa zuwa Sabon Gari. A hanya ya shirya abin da zai ce ya kawo shi, wai ya zo ya sa wa keken marigayiya mai kafin a ɗora shi a mota.

Gidan bene ne na haya, ɗakin Ernest a sama. An riga an fara ɗaure kaya, kwalaye jere a baranda. Tabitha ta kawo masa ruwa ta ce za ta leƙa kasuwa. Ernest na zaune a bakin gado da singileti, keken yana gefen taga an rufe shi da zane.

Hamzat ya fara da abin da ya iya. Ya ce bawansa zai gudu bai nemi izinin ubangidansa ba. Hamzat ya yaye zanen, ya buɗe keken, ya hure ƙura, ya ɗiga mai, ya juya. Yana aikin yana bayani, wai ya yi bincike ya gano hanyar da ba ta karya goro ba. Usurawa ba sa bukatar mata, ta amsa-kuwwa suke haihuwa, mutum ya yi fito a bakin rijiya sai yaro ya amsa daga ciki. In wannan bai yi ba akwai wata, a ce matansu na cikin abin da ake jira, kuma an hango hayaƙinsa.

"Bakano, bari," in ji Ernest. "Ni ban iya wannan abu ba. Ban taɓa iyawa ba."

Hamzat ya tsaya da kwalbar mai a hannu.

"Ran da ka yi maganan allura, na zo gida na gaya wa Julie don ya yi dariya. Yana kan keken nan. Shi ne ya ce, je ka gaya wa Bakanon akwai masu usur. Kullum in ka zage ni, sai in kawo masa zagin da yamma, ya ji, kafin ya gama ɗinki ya ba ni amsa. Ni ɗan aike ne kawai. Shi ya sa nake ce maka gobe."

Ya ce sarkin Usurawan nan da Hamzat ya yi shekaru yana kira ragon maza, mace ne, Julie ta kwatanta shi ne da yayarta. Mai riƙe da tuta mace ne. Yawancin mutanen tashar mata ne, shi ne dai bakinsa bai da wurin sa su. Ya ce Julie ta sha cewa wata rana za ta zo bencin da kanta ta ga mutumin da take faɗa da shi, sai ta ce a'a, in ya san da mace yake yi zai rage zafi, wasan ya lalace.

"Don haka ban yi fushi ba," in ji shi. "Gaskiya ka faɗa. Usurawa ba su da mace. Guda ɗaya ne da ma."

Hamzat ya zauna a kan kujerar keken. Duk amsoshin nan da suka hana shi cin abinci, duk dariyar da ya yi shi kaɗai a hanyar masallaci, ashe daga wannan kujerar suka fito. Ya yi rabin rayuwarsa yana wasa da wata mata da bai taɓa zama da ita ba, ya je gaisuwar mutuwarta ya yi minti kaɗan ya tashi kamar ta maƙwabcin wani. Baƙin ciki ya kama shi, na gaske, irin wanda ya kamata ya zo masa tun cikin damina. Kuma cikin wannan hali ma, don hali zanen dutse ne, kunnensa yana ƙirga kowane "ya" da Ernest ya faɗa, harshensa yana ɗagawa da kansa zai gyara.

Ya haɗiye gyaran. Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Ernest," ya ce, kuma wannan ne karon farko da ya kira shi da sunansa. "Ban san shi ba. Ba ni labarinsa. A ina ka fara ganin shi?"

Ernest ya ɗago ya dube shi. Sai ya matsa gefe a bakin gadon ya ba shi wuri, ya ce a tashar Kafanchan ne, yana sayar da lemo, kuma ranar ma sai da ya zage shi.